An Ba Gurguwa Injin Ƙafa

Shafi na 27

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba" tun da asuba, to ga shi nan. Sai dai kowa ya nemi wuri ya zauna, don ni da na rubuta ma har yanzu raina bai dawo daidai ba.

*

Tun daga bakin get aka fara ɓata wa Aina'u rai.

Ta shigo tana murza kekenta na guragu da hannu biyu, cikin sabuwar atamfa, jan lalle raɗau a yatsunta. Yau ce ranar yaye a cibiyar koyar da sana'a ta Hajiya Uwani da ke Sharaɗa, ranar da za a danƙa wa kowane ɗalibi injin ɗinkinsa ya je ya ci gashin kansa. Sai ga maigadi ya sha gabanta.

"A nan za ki sauka. Hajiya ta ce a kai kekuna bayan sito."

"Yau ma, Baba?"

"Ai yau ne ma ya fi. Manyan baƙi ne za su zo."

Al'adar gidan ke nan. Duk ranar da baƙi za su zo, sai a kwashe kekuna da sanduna masu kyau a ɓoye, a jera ɗalibai a tabarma. Wai a cewar Hajiya, idan mai kuɗi ya ga gurgu a kan keke yana sheƙi, tausayinsa ba ya motsawa. Aina'u ta daɗe tana haɗiye wannan abin.

"Ba zan sauka ba."

"Ke Aina'u, kar ki ja min."

"Ka ce mata ka riƙe ni na fizge. Tun da na shigo gidan nan nake jan gindi a gaban baƙi. Yau ranata ce, a kan kekena za su gan ni."

Ta murza ta wuce, ta bar shi yana salati.

Can ƙarƙashin kanofi an jera injinan, kowanne an lulluɓe shi da farin ƙyalle, an manna sunan mai shi a jiki. Ga motar da za ta kai wa kowa nasa gida tana jira a gefe. Ita ba ta ma buƙatar suna, ta san nata tun ba a gama haɗa shi ba. Shan inna ya cinye mata ƙafafu tun tana rarrafe, don haka Kamilu mai walda ya zo takanas ya zaunar da ita, ya auna daga tebur zuwa gwiwar hannunta, ya lanƙwasa wani ƙarfe da za ta riƙa dannawa da gwiwar hannun, injin mai aiki da lantarki ya tashi. Har tsohon tubun taya ya naɗa wa bakin ƙarfen don kada ya ji mata ciwo. Ranar da ta gwada shi, da ƙyar aka raba ta da shi.

Kuma aiki na nan yana jiran ta. Malam Muhyiddeen, foman a wani kamfanin fata da ke can tsallaken titin kamfanoni, ya sa an share mata kusurwa a bakin get ɗinsu, ya yi alkawarin ja mata wuta daga ɗakin maigadi. Rigunan aikin ma'aikatansu duk ita za ta ɗinka, ita za ta yi wa faci. Sharaɗinsa ɗaya ne, ta zo da injinta ranar Litinin, in ba haka ba akwai wani tela da ke ta yi masa sintiri.

Ta kai hannu ta yaye ƙyallen tana murmushi.

Baƙin inji ne sabo fil, sai ƙyalli yake. Babu waya, babu ƙarfen Kamilu. A ƙarƙashin teburin wani ƙaton gargare ne da feda, irin wadda ake takawa da ƙafa biyu.

Dariya ta fara yi, don ta ɗauka suna aka musanya. Ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya tana ɗaga ƙyalle, har ta kai ƙarshe. Ta dawo ta sake duba takardar. Sunanta ne dai, Aina'u Muhammad Sharaɗa, a jikin injin ƙafa.

Nan take dariyar ta ɗauke.

*

Ofishin Hajiya Uwani matakala gare shi, masu tsayi kuwa. Cibiyar guragu, ofishin shugaba da matakala! Ni dai ban taɓa gane wannan hikimar ba. A sauran ranaku Aina'u saukowa take ta sa silifa a hannu ta hau da rarrafe. Yau kam tsayawa ta yi a ƙasa ta ɗaga murya.

"Hajiya! Hajiya, ku fito!"

Hajiya ta fito da sauri tana gyara mayafi, ƙamshin turarenta ya riga ta saukowa.

"Ke lafiyarki? Kuma wa ya bar ki da keke a nan?"

"Ina injina?"

"Rage murya."

"Ina injin da aka auna da hannuna?"

Hajiya ta waiga hagu da dama, sannan ta sauko ta matso kusa.

"Yana sito."

"To a fito da shi. An yi kuskure, na ƙafa aka ajiye min."

"Ba kuskure ba ne."

Aina'u ta zuba mata ido.

"Ban gane ba."

"Waliyyinki ne ya zo ya same ni. Yayanki Zakariyya. Ya ce a gida an yi shawara, na ƙafa suke so. Ni kuwa ba na shiga tsakanin iyali."

"Suke so? Su wa? Su suka zauna a nan allura na huda musu yatsa? Su wuta ta ja ranar da wayar ta gutsure? Hajiya, ku dube ni da kyau. Me zan yi da injin ƙafa?"

"Sabo ne fa, a kwalinsa ya zo. In ke ba za ki iya ba, wani a gida zai iya, ki ci albarkacinsa."

"Albarkaci!" Aina'u ta buga tafin hannu a kan ƙarfen kekenta. "Don in daina cin albarkacin wani na zo nan! Ku da bakinku kuke faɗa a lasifika, mu dogara da kanmu, mu dogara da kanmu. Ashe a lasifikar kawai ta tsaya?"

Fuskar Hajiya ta canza.

"Ke, kar ki ga ina lallaɓa ki. Bara da Mairama ta tafi da nata injin, me ya faru? Tirela ta bi ta kanta a titin kamfanonin nan. Wa aka zaga? Ni. Har gida danginta suka bi ni, wai ni na tura ta titi. Ba zan sake ɗaukar wannan ba. Abin da waliyyi ya ce, shi zan yi."

Sunan Mairama ya soki Aina'u. Ƙawarta ce, a benci ɗaya suka koyi sa zare a allura.

"Mairama direba ne ya kashe ta, ba injin ɗinki ba."

"Ki je ki gaya wa yayanki." Hajiya ta duba agogonta. "Yanzu ki saurare ni. In aka kira sunanki, za ki matsa kusa da injin, ki ɗora hannu a kai, ki yi murmushi, a ɗau hoto. Shi ke nan. Ko an ce ki gwada, ni zan ce kin gaji. Kar ki kuskura ki zubar min da mutunci a gaban Alhaji Abdulbaqi, shi ya sayi injinan nan duka."

"Nawa kuma ya zauna a sito ana nuna wa baƙi, ko? A ce ga irin wanda muke yi wa guragu?"

Hajiya ta juya ta haye matakalarta ta rufo ƙofa.

*

A gindin darbejiyar da ke bayan famfo ta same shi. Yaya Zakari, ɗan farin Inna mahaifiyarsu, da rigar aikinsa ta kamfanin robobi, daga aiki ya wuto ko gida bai je ba. Yana ganin yadda take murzo keken ya miƙe tsaye.

Ba ta gaishe shi ba. Tun da take a duniya ba ta taɓa yin haka ba.

"Kai ka zo ka ce a ba ni injin ƙafa?"

Ya kawar da kai.

"Yaya, da kai nake."

"Ni ne. Sai me?"

Ta so a ce ya musa, wallahi ta so. Da ya rantse ya ce sharri Hajiya ta yi masa, da ta yarda da gudu.

"Me na yi maka?"

"Ba abin da kika yi min. Khadijat ta iya ɗinki. A ajiye injin a tsakar gida, ta riƙa yi, ke ki riƙa yanka mata kina sa maɓalli. Kowa ya amfana."

"Matarka! In sha wahalar koyo, a ɗauki injin a ba matarka, ni in koma 'yar sa maɓalli?"

"Ba haka nake nufi ba."

"To yaya kake nufi? Kai fa ka raka ni wurin Malam Muhyiddeen. Kai ka ce masa ƙanwata ta fi maza goma hannu. Da wane bakin ka faɗa?"

Ya goge fuskarsa da hular hannunsa. Idanunsa jajir, ko na rashin barci ne ko na wani abu, ba ta tsaya tantancewa ba.

"Aina'u, ci na hana ki ko sha? Sutura kika rasa? Me za ki je nema a bakin get ɗin kamfani, cikin warin fata da gardawa?"

"Akuyar da ke turke a gidanmu ma ana ba ta dusa, Yaya. Ita ma ba ta rasa ci ba."

"Ki iya bakinki."

"Ba zan iya ba! Ka san me ake ji in mutum zai sayi sabulu sai ya jira ka tashi daga barci? Ka san me nake ji in na ji matarka ta yi tsaki don na ce a miƙo min buta? Ba na son dusarka. Injina nake so, in nema da hannuna, in ci da hannuna."

"Kin gama?"

"Ban gama ba. Ka ji kunya, wallahi ka ji kunya. Da wani can ne ya yi min, da na ce bai san ni ba. Kai da ka goya ni!"

Ya tsaya ƙiƙam yana shan zagin, bai ce uffan ba. Wannan shirun ya ƙara tunzura ta, don ta san Yaya Zakari, ba ya barin magana ta kwana a cikinsa.

"Bari in je in gaya wa Inna. Ita ta san yadda za ta yi da kai."

Sai a nan ya motsa. Ya riƙe kan keken gam.

"Kar ki kuskura. Kin san hawan jininta."

"Sake min keke."

"Aina'u, ki zage ni iya son ranki. In mun koma gida ki tara unguwa ki zage ni, na yarda. Amma ki rufa wa kanki asiri a wurin nan. Ki karɓi abin da aka ba ki ki yi shiru. Ba don kaina nake faɗa miki ba."

"Don wa kake faɗa? Don Khadijat?"

Hannunsa ya saki keken da kansa.

Daidai lokacin aka fara hura lasifika, motocin baƙi suka fara shigowa.

Ta hango Inna a layin mata, can gefe, da carbinta a hannu. Inna Ladidi, wadda ta goya ta zuwa Islamiyya har ta yi mata nauyi, wadda yau da safe ta goge mata atamfar nan da dutsen gawayi, ta ɗaura mata ɗankwali da hannunta, ta ce "Allah ya yi albarka, Auta" idonta na kan tabarma. Inna ba mai yawan magana ba ce. Ita ake kira wankan gawar mata a unguwarsu, kuma tun ranar da aka kira ta gidan su Mairama ta dawo ta kasa cin tuwo, maganarta ta ƙara raguwa.

Aina'u ta ji tausayinta ya kama ta. A'a, ba za ta ɗora wa tsohuwa wannan ba. A duk gidan nan Inna ce kaɗai tata. Faɗan nan, Aina'u da kanta za ta yi shi.

*

An yi addu'a, an yi jawabai. Hajiya Uwani ta karɓi lasifika ta yi ta zuba, har da share hawaye da gefen mayafi, wai 'ya'yanta ne za su tafi su bar ta. Sauran ɗalibai na jere a tabarma kamar kullum. Aina'u kaɗai ce a kan keke, a ƙarshen layi, Hajiya na aiko mata da harara tana mayar mata.

Aka fara kiran suna. Kowa ya matsa, ya ɗora hannu, a ɗau hoto, a tafa.

"Aina'u Muhammad!"

Ta murza a hankali har gaban injin. Alhaji Abdulbaqi, mai kamfanin katifa a Bompai, ya taso yana dariya. Dattijo ne mai jiki, irin mutanen nan da ba su iya magana a hankali ba.

"A'a, wannan ai amarya ce! 'Yata, ke ce aka ce min duk kin fi su hannu?"

"Haka suke faɗa, Alhaji."

"To ni fa na gaji da hoto. Tun ɗazu ɗora hannu kawai ake. A kawo ƙyalle ta ɗinka mana wani abu mu gani da idonmu."

Hajiya ta yi caraf ta shiga tsakani.

"Alhaji, ai ta gaji. Tun safe suke hidima, ga rana..."

"Ban gaji ba."

Hajiya ta juyo. Da ido na kisa, da a nan aka yi jana'izar Aina'u.

"Ban gaji ba, Alhaji. Zan hau."

Can baya ta ji muryar Yaya Zakari ƙasa-ƙasa, "Aina'u!" Ko waiwayowa ba ta yi ba.

Ta dafa kujerar telan da hannu ɗaya, ta dafa teburin da ɗaya, ta ɗaga jikinta cak ta zauna. Wani ya miƙo hannu zai taimaka, ta girgiza masa kai. Ta gyara zama, ta ɗora ƙyallen a ƙarƙashin allura, ta sauke ƙarfen da ke danne ƙyallen, komai yadda ya kamata. Masu kyamara suka matso.

Sannan ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta san kanta. Aina'u da ko a tsakar gida ba ta yarda a ga ƙafafunta, ta kama gefen zaninta ta ɗage shi zuwa gwiwa.

Ga su nan, sirara, a lanƙwashe, suna reto a iska. Tsakaninsu da fedar akwai tazara mai yawa.

"Alhaji," ta ce, muryarta ko rawa ba ta yi, "ku gaya min, da wace ƙafar zan taka?"

Janareton kamfanin da ke maƙwabtaka kawai ake ji.

Dariyar Alhaji ta ɓace. Ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin teburin, ya ɗago, ya juya ga Hajiya.

"Hajiya, ba ni na sa aka haɗa wa masu irin lalurarta na hannu ba? Ba ni na turo mai walda ba?"

"Alhaji, wato abin da ya faru..."

"Ina nata?"

"Yana... yana sito."

"Sito! Me yake yi a sito? Ɗinki zai yi wa ɓeraye? A ɗauko shi yanzu ina tsaye!"

Aka ruga da gudu. Ba a jima ba sai ga ƙarti biyu sun ciccibo shi, suka dire a gefen Aina'u. Ga wayarsa a naɗe, ga ƙarfen Kamilu da baƙin tubunsa. Ta miƙa gwiwar hannunta ta ɗora a kai, ya zauna daidai kamar ranar da aka auna. Sai yanzu hawayen da take ta dannewa suka zubo. Aikin ranar Litinin ya dawo mata.

Ɗalibai suka ɓarke da tafi a kan tabarma, wata har da guɗa.

Amma Alhaji bai huce ba.

"Ni ina so in san wanda ya yi wannan rashin imanin."

Hajiya ta samu mafita, ta kama da hannu biyu.

"Wallahi ba ni ba ce, Alhaji. Danginta ne. Yayanta ya zo har ofis ya ce a canza."

"Yana ina?"

Da Aina'u ta yi shiru a nan, da an tashi lafiya. Ta samu abin da take so, me ya rage? Amma zuciya ta riga ta ci ta. Ta ɗaga hannunta mai jan lalle ta nuna shi.

"Ga shi can. Matarsa yake so ya kai wa."

Kai, jama'a! Nan da nan wuri ya kaure.

"Amma dai ka ji kunya!"

"Ƙato da kai, da ƙafafunka biyu!"

"Haƙƙin gurguwa za ka ci? Allah ya isar mata!"

Yaya Zakari yana tsaye, kansa a ƙasa, hular nan a hannu yana murɗa ta. Bai kare kansa ko da kalma ɗaya ba. Alhaji ya tako har gabansa.

"Kai, ɗago ka dube ni. Wace irin zuciya ce da kai?"

"Ku ƙyale yaron nan."

Muryar ba ta da ƙarfi, amma kowa ya ji ta. Daga layin mata ta fito.

Inna ce ta miƙe. Ta dafa kafaɗar ta kusa da ita, ta tako a hankali har tsakiyar fili, carbin na lilo a hannunta.

"Ku ƙyale shi, Alhaji. Aikensa na yi. Sau nawa yana roƙo na in janye, na ce ko ya je ko in saɓa masa. Maganar matarsa ma shi ya ƙirƙira don ya rufa min asiri."

Aina'u ta juyo ta dube ta.

"Inna?"

"Ni ce, Auta."

"Inna, ke? Ke da kika ɗaura min ɗankwalin nan? Kika ce Allah ya yi albarka, alhali kin san abin da ke ƙarƙashin ƙyallen?"

"Na sani."

"Me ya sa? Inna, me ya sa?" Muryar da ba ta yi rawa a gaban Alhaji ba, yanzu ta tsage. "Kowa ya ce ba zan iya ba na yi shiru, don na san kina bayana. Ashe ke ce a gaba!"

Inna ta dube ta ido cikin ido, karo na farko tun safe.

"Ban taɓa cewa ba za ki iya ba. Iyawar taki nake tsoro. Titin da za ki riƙa tsallakawa safe da yamma, shi Mairama ta tsallaka. Ku labari kuka ji. Ni aka kira. Ni na buɗe tabarmar da aka naɗo ta, ni na harhaɗa ta kafin in iya zuba ruwa. Akwai ƙarfen kekenta a jikinta, da hannun nan na zare shi."

Wata mata ta saki salati ta toshe bakinta.

"Na wanke 'yar mutane, Auta. Ke ba zan wanke ki ba. Gara ki zauna a gabana kina jin haushina har in mutu."

"In kin mutu fa? In koma hannun wa? In kin mutu wa zai..."

"Ban gama ba."

Inna ta matso har ta iya taɓa injin, amma ba ta taɓa shi ba.

"Ga abinki nan, Alhaji ya ƙwato miki. Ba ni da ƙarfin da zan hana ki ɗauka. Amma a gaban mutanen nan nake faɗa, in kika hau titin nan da shi ranar Litinin, ban yafe miki nonona da kika sha ba."

Yaya Zakari ya dafe kai ya durƙushe a inda yake.

Aina'u na zaune a kujerar telan, zaninta har yanzu a ɗage, gwiwar hannunta a kan baƙin tubun. Ta dubi injin. Ta dubi Inna.

Ƙartin nan biyu da suka ciccibo shi suna tsaye suna jira, gumi na tsiyayo musu. Ɗayan ya gyara murya.

"To Malama, a kai mota ne, ko a mayar sito?"